Godiyar Kaka Da Godiyar Kullum

Da zarar ruwa ya ɗauke, gero da dawa suka shiga rumbu, sai majami'u tun daga Jos da Yola har Sabon Garin Kano su ɗauki haramar sujadar godiya ta kaka. Mai damin dawa ya kawo, mai doya ya kawo, ma'aikaci ya zo da ambulan, 'yan Zumuntar Mata kuma su shigo da waƙa. Abin gwanin ban sha'awa. Amma fa a wasu wuraren al'amarin ya soma rikiɗa ya zama gasa, ana kiran suna ana faɗin adadi, ana gwanjon kaya har kuɗin zakara ya kamo na tunkiya. Gwauruwar da ba ta da komai sai mudun masara takan maƙale a gida ran nan don kunya, alhali kuwa irinta ce Yesu ya yaba wa a Bishara ta Markus sura 12, ita da 'yan aninanta biyu.

To, ita wannan sujada rana ɗaya ce a shekara. Sauran kwanakin fa? A Luka sura 17 kutare goma aka warkar, ɗaya tak ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, watau wanda Yahudawa ke yi wa kallon bare. Sauran taran ba a ce mugaye ba ne, murnar samu ce ta ɗauke musu hankali. Haka take faruwa a gidaje da yawa, a kwana ana roƙo saboda zazzaɓin yaro, yana miƙewa a koma harka.

Godiya mai wuya kuwa ita ce ta lokacin tsanani. Manzo Bulus yana ɗaure ne sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa, amma da godiya ya buɗe wasiƙar. A ƙasar Jamus ma, zamanin yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, an yi wani fasto mai suna Martin Rinkart a garin Eilenburg. Da annoba ta auka wa garin a 1637, shi ya yi jana'izar dubban mutane, har da matarsa. Wannan bawan Allah shi ne mai shahararriyar waƙar godiyar nan da majami'u ke rerawa har yau cikin harsuna masu yawa, kuma asalinta addu'ar cin abinci ce a gida.

Kada dai wani ya ɗauka godiya ita ce kame baki a kan zalunci. An ruwaito cewa shi Rinkart ɗin da kansa ya tari sojojin Suwidin ya nemi su rage wa garin kuɗin da suka ɗora masa. Ma'aikacin da aka riƙe wa albashi wata uku yana iya gode wa Allah a kan kwanon tuwonsa da dare, gari na wayewa ya tafi ofis neman haƙƙinsa.