Raddi ga masu cewa zaɓin yanayi ba ya haifar da sabon hali

Akwai maganar da wasu 'yan boko ke yayatawa, wai zaɓin yanayi rariya ce kawai: tana tace abin da ke akwai, ba ta kawo sabo. Wai gero gero ne tun fil'azal. Haba malam!

Mu fara da ginshiƙin, don shi ne ruɓaɓɓe. Wa ya gaya musu abin da ake tacewa tsaye yake cik? Ƙwayoyin gado suna sauyawa yayin da ake kwafarsu daga iri zuwa iri, wani lokaci ma su ninku. Daga nan sabon abu ke tsirowa, zaɓi kuma ya tara shi shekara bisa shekara. Su je gonakin Gangara su dubi shibra: da ta nuna sai ta zubar da 'ya'yanta ƙasa, gadon da ta ɗauko daga geron daji. Geron gida kuwa yana riƙe tsabarsa a zangarniya har a girbe. Wannan riƙon shi ne sabon hali, kuma masu haƙar kayan tarihi sun tarar da alamar geron gida a kwarin Tilemsi na Mali, mai kimanin shekara 4,500. Tsabar da ta zube ba ta shiga rumbu, wadda ta maƙale ita aka sake shukawa. A hankali halin ya taru, ina tsalle a nan? Ina dare ɗaya?

Suna cewa ba wanda ya gani da ido. An gani. Masani Yves Vigouroux da abokan aikinsa sun gwada irin geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da na 2003, suka wallafa a 2011. Na 2003 ya fi saurin fitar da kai, kuma nau'in ƙwayar gadon PHYC mai gaggauta hakan ya yawaita. Mutanen Damargu da suka sha farin 1973 da na 1984 sun san dalili: damina ta gajarce, gero mai nawa bai kai ga yin ido ba.

Sai su ce ai wannan ƙaramin sauyi ne. To, masani Richard Lenski ya fara kiwon ƙwayar bakteriya ta E. coli a 1988. Bayan zuriya sama da 30,000, wani reshe ya soma cin sinadarin sitiret cikin iska, abin da kakanninsa ba su iya ba.

Batun da suke tayarwa na ƙarancin burbushin halittu a duwatsu kuwa, ba kowace gawa ƙasa ke adanawa ba, wannan ko su sun sani.