Mazan Jiyan da Suka Je Bama



A watan Afrilun 1906 rundunar Turawan Ingila ta auka wa birnin Haɗeja, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi shahada tare da jarumansa. Wannan labari kowane ɗan Haɗeja ya san shi, kuma ya kamata ya sani. Amma akwai wani labarin da ya biyo baya, wanda muka bari yana ɓacewa.

Ba a cika shekara 40 ba, sai ga Ingila cikin yaƙin da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, tana neman mazaje. Ta hannun sarakuna da hakimai aka tara samari daga masarautun Arewa. Wasu da son ransu suka shiga, don kaki da albashi. Wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa, suka bar gero a gona. Rundunar da ta fasa ganuwar Haɗeja, ita ce ta ɗauki jikokin waɗanda ta yaƙa. Hausa ce ma harshen bariki.

A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan sai dajin Bama, don su yaƙi Japan. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota. A ka suka riƙa ɗaukar harsashi da abinci, cikin ruwan sama da zazzaɓi, jiragen sama na jefo musu guzuri. Mutumin da ya saba da fadamar Haɗeja, ya san taɓo, ya san sauro, amma bai taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba.

A wannan kwari, a 1944, cikin waɗanda suka yi arangama da su har da Indiyawa 'yan sa-kai na Subhas Chandra Bose, da suka bi Japan don korar Ingila daga ƙasarsu.  Ku duba fa: bayin mulkin mallaka biyu suna harbin juna a ƙasar da ba ta kowannensu ba. Indiya ta riƙe nata, yau sunan Bose ne a filin jirgin saman Kolkata. Mu fa? Abin da ya rage mana sunayen barikoki: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung a Legas. Mutane na wucewa ta ƙofarsu kullum ba su san sunaye ne daga yaƙin da jinin kakanninsu ya zuba a cikinsa ba.

Wannan abu yana ci mini rai. A wasu gidaje har yanzu akwai lambar girma a ƙasan adaka, an naɗe ta cikin tsumma, da takardar sallama wadda gara ta fara ci. Tsoffin sun tafi, saura 'ya'yansu, su ma sun manyanta.

Don haka ina roƙon Masarautar Haɗeja da malaman tarihi su fara tattara sunayen nan, gari-gari, daga Auyo zuwa Birniwa, daga Kafin Hausa zuwa Guri. Kai kuma mai saurare, in kakanka ya je Bama, yau ka zauna da babbar gwaggonka ka tambaye ta, ka rubuta cikakken sunansa da garinsu.

A huta lafiya.