Shiru daban, natsuwa daban

Wata Talata cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe 11 na safe, na karanta wa ƴan ajina na CE2 wani ɗan labari mai layi biyar, da Hausa, don kada a ce Faransanci ne ya tare musu hanya. Aji tsit, ko tari babu. Yara sama da 70, kowa ya harɗe hannu bisa tebur, ido a kaina. Da na gama sai na tambaya: wa ya tafi kasuwa cikin labarin nan, kuma me ya sayo? Hannu huɗu suka tashi. Sauran suna nan zaune kamar an dasa su, amma hankalinsu yana wajen mai ƙosai ko filin ƙwallo.

Shekarata kusan 20 da alli a hannu, kuma babu taron malamai ko na iyaye da ban ji an ce yaran yanzu ba su da natsuwa ba. Ni ma na faɗa. Sai dai ranar nan na tambayi kaina: yaushe na taɓa koya musu ita? Karatu muna koyar da shi harafi bayan harafi, lissafi lamba bayan lamba. Natsuwa kuwa tsawa kawai muke mata. A buga tebur, a ce «Silence!», in ta ƙi a ɗauko tsumagiya. Abin da muke samu shi ne shiru. Yaron da ke tsoron duka ya natsu ƙwarai, amma ga bulalar ya natsu, yana lura da inda hannun mushe ya nufa. Darasin kuwa ya wuce shi.

Hankalin mutum ƙofa ce ƙarama, abu kaɗan ke shiga a lokaci guda. A 1999 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane wani bidiyo na ƴan wasa suna miƙa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙidaya sau nawa masu fararen riguna suka miƙa. Ana cikin wasan sai wani da ya yi shigar goggon biri ya ratsa tsakiyar fili. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam. Manya ke nan, masu lafiyar ido. To ina ga ɗan shekara takwas da ke cikin ajin zana, ana jin muryar ajin maƙwabta, zafi ya kai inda ya kai?

Abin da muke kira natsuwa a aji aiki uku ne. Yaro ya riƙe abin da aka faɗa masa a ka har ya gama aiki da shi. Ya kame hannunsa da bakinsa lokacin da suke son riga tunaninsa. Ya iya barin wata ƙa'ida ya kama wata in an sauya. Duk ukun da maimaici suke ƙarfi, kamar yadda hannu ke faɗawa da rubutu.

Wani uba ya taɓa nuna mini wasannin da ya saka wa ɗansa cikin salula, waɗanda aka ce suna wasa ƙwaƙwalwa. Niyyarsa mai kyau ce, amma na ce masa ya adana kuɗinsa. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da Adrian Owen ya jagoranta tare da BBC, inda mutum sama da 11,000 suka yi mako shida suna irin waɗannan wasanni ta intanet. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta bi su zuwa wasu ayyukan tunani ba. A 2016 kuma kamfanin da ke da Lumosity ya yarda ya biya dala miliyan 2 na Amurka, bayan hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta zarge shi da tallar da ba ta da hujja.

Wannan darasi ya shafi wasanninmu na gida su ma, kuma gara in faɗa da bakina. Gwanin dara, mai gurbi 30 da ƴaƴa goma sha bibbiyu, gwanin dara ne. Ba zan yi wa kowa alƙawarin cewa dara za ta sa ɗansa ya iya rabawa ba. Mutum yana ƙwarewa ne a abin da ya maimaita da abin da ya yi kusa da shi. Don haka wasan da zai amfani aji shi ne wanda ya yi kama da aikin aji: sauraron muryar mutum, riƙe umarni, jiran lokaci kafin a motsa. Huɗu nake yi, kuma babu wanda ke cin ko dala.

Na farko duk wanda ya bi ta makarantar horon malamai ya san shi, wato dabarar La Martinière ta lissafin ka. Malami ya faɗi tambaya, alli na ajiye, kowa na tunani. Bugu na farko a rubuta bisa ƙaramin allo, bugu na biyu a ɗaga. Da yawanmu mun mai da ita hanyar duba amsa kawai, muna gaggawar bugun. Amfaninta yana cikin ɗan shirun nan da yaro ke riƙe da 7 da 8 a kansa, hannunsa na ƙaiƙayin ɗaukar alli, ya hana shi. A tsawaita shirun kaɗan-kaɗan.

Na biyu shi ne wanda Faransawa ke kira «Jacques a dit», ni kuwa nake ce masa «Sarki ya ce». In na ce Sarki ya ce a taɓa kunne, a taɓa. In na ce a taɓa kunne kawai, wanda ya motsa ya faɗi. Bayan mako guda sai in juya shi: in na ce kai, a taɓa ƙafa, in na ce ƙafa, a taɓa kai. Wannan juyin ba ni na ƙago shi ba. Megan McClelland ta jami'ar jihar Oregon da abokan aikinta suna auna kamun kan ƙananan yara da shi, kuma sun ga yaran da suka fi iya shi sukan fi ci gaba a karatu da lissafin farko.

Na uku wasan faifai, wanda ƴan sikawut ke kira wasan Kim. A jera abu goma bisa faifai: goro, cokali, alli, ashana, maɓalli da makamantansu. A duba minti ɗaya, a rufe da ƙyalle, kowa ya faɗi abin da ya tuna. In sun saba sai a ɗauke ɗaya a ɓoye, a tambayi wanne ya ɓata. Daga nan nake komawa babban allo, in rubuta kalmomi shida na darasin ranar, in goge ɗaya. Yara ba su ma lura sun bar wasa sun shiga darasi ba.

Na huɗu tatsuniya da tafi. Ina ba da labarin Gizo da Ƙoƙi, duk inda aka ji Gizo a yi tafi ɗaya, inda aka ji Ƙoƙi a kame. A ƙarshe in tambayi abin da ya faru cikin labarin, don kada su zama masu farautar kalma ɗaya. A ajin CI da CP ana iya sa sautin da ake koyo a madadin Gizo.

Na san abin da abokan aiki za su ce: manhaja ta cika, lokaci bai isa ba, kuma wasa da yara 70 hayaniya ce. Mako na farko hayaniya ce, gaskiya ne. Amma kowa ya ƙidaya mintin da yake ɓatawa yana tsawa bayan an dawo daga hutun tsakar safiya. Ni na ƙidaya nawa, ya fi minti biyar ɗin da wasan ke ci. Sharaɗin kawai shi ne a yi shi kullum, a taƙaice, a bakin darasi, a kuma ƙara masa wuya in ya zama ruwan sha. Wanda ya faɗi kada a fitar da shi waje, domin shi ne ya fi kowa bukatar zagaye na gaba.

Iyaye, naku rabon ya fi namu girma. Babu wasan da zai natsar da yaron da ya zo lakwal cikinsa babu ko koko, ko wanda ya kai tsakar dare gaban tele. Likitocin barci sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 na barci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana gaban tele ko salula. Aike ma horo ne: ku ba yaro saƙo mai abu uku, ya maimaita a gabanku, ya je ya dawo. Gobe ku mai da shi huɗu. Ku bar ƴan mata da carabkensu, ku yi kacici-kacici bayan tuwon dare. Yaron da aka ga ba ya natsuwa ko'ina, gida da lakwal da wurin wasa, a kai shi likita a duba kunnensa da idonsa kafin a kira shi daƙiƙi. Na taɓa zagin wata yarinya wata uku, ashe kunne ɗaya ne ba ya ji.

Ajin nan nawa na CE2, bayan kamar mako shida na sake karanta musu wani labari mai layi biyar. Hannu sun haura ashirin. Ba duka ba ne, kuma ba zan rantse wasan kaɗai ya yi aikin ba, domin ni ma na rage tsawa na koyi jira. Abin da nake roƙo shi ne kowane malami ya yi irin wannan awo a ajinsa: labari mai layi biyar da tambaya biyu a yau, minti biyar na wasa kullum har wata guda, sannan wani labarin. Ya ƙidaya hannuwan da kansa.