Buntun shinkafa zai iya rage gubar da majemun Kano ke zubarwa

Shekara da shekaru masana'antun Challawa, Sharaɗa da Bompai, musamman majemu, suna sakin gurɓataccen ruwa cikin kogunan Challawa da Jakara. Jimar fata ta zamani tana amfani da sinadarin kuromiyom, ga kuma dalma da sauran ƙarafa masu guba daga wasu masana'antun. Da wannan ruwa manoman rani da yawa ke shayar da latas da alayyahon da ke shiga kasuwannin birni. Ƙarafan ba sa ruɓewa, taruwa suke yi a ƙasa da jikin ɗan Adam, suna lalata ƙoda da ƙwaƙwalwar yara.

Bincike a jami'o'i ya nuna cewa buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa da totuwar masara, musamman idan an mayar da su gawayi, suna kama ƙarafan a ƙananan ramukan jikinsu. Kano kuwa tana da injinan casar shinkafa da ke tara buntu tsibi-tsibi.

Sai dai abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji yana buƙatar gwaji a bakin magudanar masana'anta. Gawayin da ya sha guba ma ya zama guba, dole a tanadi inda za a binne shi. Kuma muddin zubar da ruwan ya fi tace shi araha, babu mai majemar da zai sauya hali. Nan ne aikin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da gwamnatin jiha: su riƙa auna ruwan, su bayyana wa jama'a sakamakon, su hukunta mai laifi.