A Duba Ƙura Kafin A Yanke Wa Kwamfuta Hukunci

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin gwamnati da ɗakunan karatu na makarantunmu ya san irin kukan da ake yi da kwamfutocin tebur da zarar bazara ta kankama. Fanka ta dinga ruri kamar injin niƙa, aiki ya yi ta jan ƙafa, can kuma na'ura ta ɗauke ana tsakiyar buga takarda. Abin takaici, hukuncin da aka fi yankewa shi ne ta lalace, a kai ta sito, a rubuta takardar neman sabuwa. A ra'ayinmu wannan ɓarnar dukiyar jama'a ce, domin sau da yawa zafi ne kawai ya yi mata yawa, maganinsa kuwa bai taka kara ya karya ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai furosesa, wato ɗan abin nan da ke yin dukkan lissafi, wanda faɗinsa bai wuce na kwalin ashana ba. Idan yana aiki yakan ɗau zafi ƙwarai, shi ya sa ake ɗora masa wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, na alminiyam ko jan ƙarfe, da fanka a kansa don ta kore zafin. Kamfanonin Intel da AMD sun ƙera furosesa ta yadda in zafinsa ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 zai rage gudu da kansa, in abin ya faskara ya kashe na'urar don kada ya ƙone. Ashe ke nan ɗaukewar da ake kuka da ita kare kai ce.

Babban mai laifi a ƙasarmu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ta cikin haƙoran ƙarfen nan har ta toshe su, sa'an nan zafin Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ya zo ya tarar da hanyar iska a rufe. Na biyu shi ne fankar da ta gaji ko ta tsaya. Na uku kuwa shi ne man nan mai kauri da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda kan bushe bayan 'yan shekaru ya daina miƙa zafi yadda ya kamata.

Gano ciwon ba ya bukatar kwangila. Da farko a karanta zafin da manhaja irin su HWMonitor ko Core Temp, waɗanda kyauta ake samunsu. In na'ura tana zaune ba aiki amma ta haura digiri 70, to da magana. Sai a kashe ta, a zare wayar lantarki, a buɗe murfi, a riƙe fanka da yatsa a hure ƙurar da abin hura iska. In zafin bai sauka ba, mai gyara ya cire ƙarfen, ya goge tsohon man da sifirit, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya mayar ya ɗaure sosai. Har ila yau, a ɗauke kwamfuta daga ƙasa da jikin bango, kuma masu lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙura su riƙa yaye shi kafin su kunna ta.

Saboda haka muna kira ga manyan sakatarori da shugabannin makarantu su kafa doka cewa a share kowace kwamfuta a ƙarshen hunturu, kafin zafi ya shigo, kuma kada a amince da takardar neman sabuwa sai mai gyara ya sa hannu cewa ya duba ƙura da fanka da mai. Ɗalibai ma su koyi wannan aiki, domin sana'a ce mai ci. Rigakafi dai ya fi magani, kuɗin da za a tsimi kuwa na talakawa ne masu biyan haraji.