A HAƊA WAYOYIN INTANET A GIDA

Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke wajen Kwaddibuwa, tura kuɗi ya gagara, mu 'yan tireda muka sha asara.

Kamfanin da bai haɗa waya da ɗan'uwansa a gida ba, dole ya biya na waje kuɗin dako da dala, saƙon Kakuri zuwa Sabon Tasha ya zaga ta Turai. Alhali ga mahaɗar IXPN a Ikko tun 2006, yanzu har Abuja da Kano, inda ake ba ni gishiri in ba ka manda.

Don Allah hukumar NCC ta matsa kowa ya shiga.

Manomi ɗan tireda,
Kakuri, Kaduna.