Lafiya Uwar Jiki: Manomin da ba ya iya ajiye hauya

Da can, manomin ƙasar Adar da Ƙonni yana da lokacin hutu. In an gama kaka, an sa hatsi rumbu, sai a zauna a yi biki, a yi zumunci. Amma tun da aka kafa ofishin ONAHA a 1978, ruwan madatsar Mozage da ta Zango ya shiga gandarin Birnin Ƙonni, albasar Galmi kuma ta yi suna har Abijan, shekara ta zama aiki biyu: damana gero, rani ban ruwa.

Wannan alheri ne. Sai dai akwai wanda aikin ya kama shi kamar yadda goro yake kama mai ci.

Ba a maganar talakan da rumbunsa ya ƙare, wanda dole ce ta fid da shi. Ana maganar wanda yake da abinci, yake da 'ya'ya manya, amma ba ya iya zama. Ga yadda ake gane shi. Ya tafi garka tun kafin asuba. Ranar Juma'a ana huɗuba, shi hankalinsa yana wajen injin ban ruwa. An yi suna gidan ƙanensa, bai je ba. In ɗansa ya dasa albasa, sai ya bi baya yana sakewa, wai ba a yi daidai ba. In an ce ya huta, sai faɗa. Jiki ya gaji, ya sayi taramol wajen mai tebur don ya ƙara aiki. Nan ne abin ya fi muni, don ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, kuma ita ma tana kama mutum.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, da hukumar ƙwadago sun ba da labari a 2021 cewa mutum 745.000 suka mutu a 2016 da ciwon zuciya da shanyewar jiki saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Awa 55 kusan awa 8 ke nan kullum, ba ranar hutu. Mai albasa da yawa ya wuce haka a watan Maris, lokacin cira, ga rana kamar wuta.

Wanda ya ga kansa a nan, farkon magani shi ne ya yarda. Sannan ya yanke wa ɗansa ko ƙanensa fangali, ya bar masa, ko da bai yi yadda yake so ba. Ya shiga inuwa daga azahar zuwa la'asar. Ya bar Juma'a don salla da gaishe-gaishe. Kwanakin farko zai ji kamar ya yi laifi, hannu yana ƙaiƙayi. Yana wucewa.

Mai shan taramol kuwa kada ya bari dare ɗaya shi kaɗai. Ya tafi likita mafi kusa, ko Illela, ko Malbaza, ko Ƙonni, ya gaya wa lokotoro gaskiyar ƙwaya nawa yake sha a yini, a auna masa jini kuma.